Adireshin da wayarmu ke yawo da shi: jawabin 'yan ajin yamma a taron shekara



Uwar ƙungiya, Hajiya Shugaba, ma'aji da sakatariya, iyayenmu da suka kafa wannan tafiya tun muna goyon 'ya'yan fari, malamarmu ta ajin yamma, 'yan uwa matan Kurmi, da baƙinmu da suka taso daga Kantin Kwari da Rimi da Sabon Gari, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana da rai da lafiya.

Mu 'yan ajin yaƙi da jahilci aka ba ɗan lokaci mu yi magana. Da aka tambaye mu a kan me, muka ce a bar mu da wayar nan da ke cikin jakar kowaccenmu. Mun san wata za ta ce me ya haɗa mai turaren wuta da kayan yaji da zancen intanet. To ai tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 aka haɗa mu, ba don muna so ba. Wadda a da ba ta yarda da kuɗi sai ta lissafa da yatsunta, yau alat take jira kafin ta ƙulle kaya. Zubin adashe ta waya, oda daga Kaduna da Maraɗi ta waya, hoton humra da jakar fata ta waya. Rabin rumfar kowacce ya koma cikin wayarta. Ita kuwa rumfa dole a san ina ƙofarta take, a san wa ke leƙowa.

Abin da ya sa muka zaɓi batun, ga shi. Watannin baya wata 'yar uwarmu, ba za mu kama suna ba, wani ya yi mata magana a WhatsApp kamar mai son sari. Ya turo mata shuɗin rubutun nan da ake dannawa, wanda yara ke ce wa linki, wai ta ga samfurin kwalaben da yake so a zuba masa. Ta danna, ba ta ga kwalba ba. Bayan sallar isha sai ga saƙo: ya jero wasu lambobi da ɗigo-ɗigo a tsakaninsu, ya ce wannan shi ne adireshin IP na wayarta, ya faɗi irin wayar da take riƙe da ita, ya faɗi kamfanin layinta. Ya ce ya san gidanta, ya san rumfarta, ta turo dubu hamsin ko ta ga abin da zai biyo baya. Irin wayar daidai, kamfanin layin daidai. Wa zai ga laifinta don ta kwana uku ba barci? Ga tsoron mutumin, ga tunanin yadda za ta fara faɗa wa maigida cewa wani namiji da ba ta sani ba wai ya san gidanta. A rana ta huɗu ta kawo wayar aji.

Malama ta rubuta lambobin a allo, kuma 'yar wata daga cikinmu da ke karatun kwamfuta ta zo ta zauna da mu sati biyu. Abin da muka fahimta shi za mu faɗa muku da bakin kasuwa.

Duk lokacin da kika kunna data, wayarki aike take yi. Kin buɗe Facebook, aike ne. Kin duba kuɗinki a banki, aike ne. Shi kuwa ɗan aike dole ya san inda zai dawo da amsa. Wannan lambar da ake dawo da amsa a kanta ita ce adireshin IP, ana faɗinsa ai-pi. Kashi huɗu ne da ɗigo a tsakani, kowane kashi bai wuce 255 ba. Ba lambar da ake kiran ki da ita ba ce, kuma ba a jikin wayar aka buga shi ba. Kamfanin layinki ne yake ara miki shi muddin datar na kunne. Kowane shafi kika shiga yana ganin sa, dole ne, in bai gani ba bai san inda zai turo miki hoton ba. Tare da shi kuma wayar kan faɗi irin samfurinta. Kun ga ke nan mutumin nan ba wani tsafi ya yi ba. Shafin da ya turo nasa ne, ta shiga, ya duba wa ya shigo.

Sai tambayar da ta hana ta barci: lambar tana nuna gida?

Nan ne muka tuna da tarihin kasuwarmu. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kurmi. Tun daga zamanin fatake ke saukowa daga Agadas da Borno, da Larabawan Gadamas, da masu goro daga Gwanja. Baƙo ba ya da gida a Kano, sai ya sauka wurin fatoma. Mutum goma, mutum ashirin, duk a gida ɗaya. In saƙo ya zo daga nesa, gidan fatoma ake cewa a kai. Wanda ke can Agadas ya san gidan wane a Kano, amma bai san ɗaki ba, bai san ko baƙon na nan ko ya tashi jiya wani ya maye shimfiɗarsa ba. Mutum ɗaya ne ya san wa ya kwana a wane ɗaki a wane dare, shi ne fatoma.

To MTN da Airtel da Glo fatomomi ne. Irin wannan adireshi duka duniya biliyan 4 ne da 'yan kai, mutanen duniya kuwa sun haura biliyan 8, ga wani da waya biyu ga kwamfuta. Ba ya isa. An fito da sabon samfuri mai tsawo, amma tsohon bai daina aiki ba. Saboda haka kamfanin layi yakan tara mutane masu yawa ya fitar da su ta ƙofa ɗaya, da lamba ɗaya. Lambar da aka turo wa 'yar uwarmu, a daidai wannan lokacin mai yiwuwa ita ce a kan wayar wani ɗan adaidaita a Kurna da wata ma'aikaciyar jinya a wani garin daban. In ta kashe data ta kunna, sau da yawa wata lambar za a ba ta.

Mun gwada da hannunmu. Akwai shafukan da ke nuna wa mutum nasa adireshin da inda ake zaton yake. Muna zaune a kan benci ɗaya, ana jin kiran sallar la'asar daga cikin gari, wayar wata ta ce Kano, ta wata ta ce Abuja, ta wata ta ce Legas. Wadda aka ce tana Legas ko Zariya ba ta taɓa wucewa ba. Aji ya kwashe da dariya. Dalili shi ne masu taswirar ba wayarki suke gani ba, ƙofar da kamfani ya fitar da ke suke gani, ita kuwa ƙofar tana iya kasancewa ɗaruruwan kilomita daga inda kike. Iyakar abin da baƙo zai tsinta daga lambar shi ne ƙasa, da kamfanin layi, da hasashen gari. Babu suna a ciki, babu unguwa, balle lungu. Ku da kuka san lungunan bayan Jakara, wanda aka haifa a Fagge ma ɓata yake yi da rana tsaka.

Hasashen nan har a ƙasashen da suka ƙirƙiro abin yana yin ɓarna. A Amurka, a jihar Kansas, akwai wata gona kusa da wani ɗan ƙauye da ake kira Potwin. Wani kamfani mai suna MaxMind, wanda sana'arsa ke nan haɗa adireshin IP da taswira, duk lambar da ya san ta Amurka ce amma bai san garinta ba sai ya ɗora ta a tsakiyar ƙasar. Tsakiyar kuwa ta faɗo a farfajiyar gidan gonar nan. Adireshi sama da miliyan 600 suka koma suna nuna gida ɗaya. Shekara da shekaru 'yan sanda na zuwa neman ɓarayi, waɗanda aka damfara na zuwa da fushi, mutanen gidan ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Sai a 2016 'yan jarida suka tono dalili, kamfanin ya matsar da alamar zuwa tsakiyar wani tafki. Mun daɗe muna jinjina wannan labari a aji. Ashe wanda ya ce lamba ta nuna masa gida, ko da gaske yake yi, yana iya zuwa ya buga ƙofar bayin Allah.

'Yar uwarmu ba ta tura ko kwabo ba. Ta toshe lambar, ta faɗa wa maigidanta da 'yar bayanin da ta samu a aji, kuma har yau babu wanda ya zo.

Amma kada mu tashi daga nan da cewa lambar ba komai ba ce. Mun ce fatoma ya san wa ya kwana a wane ɗaki. Kamfanin layi yana da littafi: lamba kaza, ranar kaza, ƙarfe kaza, layin wance ne ya fita da ita. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin su adana irin wannan bayani har shekara 2, su kuma miƙa wa jami'an tsaro in an nema ta hanyar doka. Layin kuma ba marar suna ba ne. Tun 2011 aka fara rajistar sim da hoto da zanen yatsa. A Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, kuma duk mun tuna layin da muka sha a rana, da yadda a Afrilun 2022 aka hana waɗanda ba su haɗa ba kiran waya. Ga BVN da ya zo tun 2014 yana riƙe da asusun banki. Banda wannan, kamfani ya san wane ƙarfen sabis wayarki ta kama, ko da data a kashe take. Wato abin da ɗan damfara bai iya gani ba, kamfani da hukuma suna iya gani in sun bi ta hanyarsa. Akwai alheri a ciki, ta nan ake bin sawun masu garkuwa da masu damfara. Akwai kuma abin lura: sawun ga mai sunan rajista yake kaiwa, ba ga wanda ya riƙe wayar ba.

Nawa ne a cikinmu suka yi wa ɗa ko ƙani ko yaron rumfa rajistar layi da sunansu don shi ba shi da NIN? Nawa ne ke buɗe wa maƙwabcin rumfa data ya jona wayarsa, abin da yara ke ce wa hosfot? Duk inda ya shiga, da adireshinki ya shiga. Ba mu ce a daina taimako ba, zaman kasuwa cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Mun dai ce ki san wanda kika saukar a gidanki. Haka tsohon layin da kika yar a cikin kwalla kika manta: in ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na sake sayar da lambar ga wani. In da ita kika buɗe asusu, alat ɗinki wurin baƙo zai riƙa zuwa. A je banki a canja, ba ya ɗaukar yini.

Ga masu yawan kiran WhatsApp da baƙin kwastomomi: rubutaccen saƙo ba ya nuna wa wancan adireshinki, amma kira tsakanin mutum biyu yana iya haɗa wayoyin kai tsaye, wanda ya iya sai ya gani. Tun ƙarshen 2023 suka sa wani maɓalli a sashen sirri, can ƙasa, da ke ɓoye shi. Muryar takan ɗan rage kyau, shi ke nan. Ita kuwa VPN da matasa suka koya lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, canja fatoma ne kawai. Shafin zai ga kamar daga Ingila kike, amma mai VPN ɗin ya zama shi ke riƙe da littafinki, kuma na kyauta ba mu san da me yake cin abinci ba.

Yanzu ga inda maganar ta fi yi mana nauyi. Da muka gama da lambar, malama ta ce kowacce ta buɗe wayar ta kusa da ita, ta faɗi abin da baƙo zai sani a kanta cikin minti biyar. Jama'a, abin da IP bai faɗa ba, mu muke faɗa da kanmu. Hoton fuska a kan lamba. Sitatus da safe ga rumfa ga allon maƙwabci ana karantawa. Sitatus da rana ga yara cikin kayan makaranta da bajen makarantar a ƙirji. Da yamma ga ƙofar gida an yi sabon fenti, ga sanarwar an tafi biki Katsina sai jibi. Duk wanda kika adana lambarsa shi ma ya adana taki yana gani, har wanda sau ɗaya ya taɓa sayen kanumfari. Akwai saitin da za ki zaɓi masu gani, 'yan kasuwa daban, dangi daban.

Sannan akwai tambayar da shafi ko manhaja ke yi, wai a ba ta izinin sanin wurin da kike. Wannan ba IP ba ne, GPS ne, da tauraron ɗan adam yake aiki, kuma shi kam yana iya kawo mutum har bakin zaure. Da a ce shafin mutumin nan ya nemi wannan izini ta danna ta yarda, da labarin ya canja. Mu da muka koyi karatu da girma mun san halin: rubutu ya fito da Turanci, ana sauri, kwastoma na tsaye, sai a danna kowane don ya kauce. In ba ki gane ba, ki danna ƙi. In abin na da amfani zai sake tambaya.

Manhajojin bashi kuwa ba sai mun yi dogon bayani ba, kusan kowane layi a kasuwar nan akwai wadda ta ɗanɗana ko aka turo mata saƙo a kan wata. Dubu goma za a ba ki, a kwashe duk lambobin da ke wayarki, ranar da kika makara a tura wa surukarki da malamin Islamiyyar 'ya'yanki cewa ke ɓarauniya ce. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara dirar musu a 2022, kuma daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji da ke shagonsa taɓa lambobi da hotunan mutane. Amma wadda aka turo miki ta linki ba ta shagon ta biyo ba, ba ruwanta da wannan ƙa'ida. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Don gudun irin wannan ne ma iyayenmu suka kafa asusun rance na ƙungiya.

Wannan ya kawo mu ga roƙonmu, Hajiya Shugaba, kuma muna yi ne da ladabi.

Ƙungiyarmu ma fatoma ce. Littafin sakatariya na ɗauke da hoton kowacce, da unguwarta, da lambar NIN, da lambar asusu, da sunan wanda ya tsaya mata, da nawa ta ci bashi da nawa ya rage. Abin da ke cikin littafin nan ya fi abin da ɗan damfarar can ya samu sau ɗari. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa mata hukuma, NDPC. Jigonta shi ne wanda ya karɓi bayaninka don wani dalili kada ya yi wani abin daban da shi ba da yardarka ba, kuma ya tsare shi. Ba bankuna da kamfanonin waya kaɗai ake nufi ba, duk mai tara bayanan mutane ya kamata ya auna kansa da ita.

Mun ji shawarar da aka kawo a zaman da ya wuce, cewa a riƙa ɗaukar hoton shafin waɗanda suka makara da biya ana sakawa a guruf ɗin WhatsApp don kunya ta sa su biya. Mun san ma'aji na shan wahala, kuma kuɗin na marayu da zawarawa ne a ciki, ba na wasa ba. Duk da haka mu 'yan aji ba mu goyi baya ba. Hoton da ya shiga guruf ya fita daga hannun ƙungiya. Wayoyinmu 'ya'ya na ɗauka, miji na dubawa, kishiya na iya leƙawa, ana kai su gyara Farm Centre a bar su su kwana ba kulle. Wata ta ci bashin ne ta biya kuɗin asibiti ba ta so dangin miji su sani. Wata jarinta ne ya karye tana rufa wa kanta asiri kafin ta miƙe. In muka watsa sunanta, me ya raba mu da masu manhajar da muke kuka da su? A da in mace ta makara, dattijai biyu ake tura mata har gida su zauna a ɗaki. Muna roƙon a ci gaba da haka, in ta kama a kira wanda ya tsaya mata, in ta ƙi a bi dokar ƙungiya da kowa ya sa wa hannu.

Sauran roƙon ƙanana ne. Linkin shiga guruf ya daina yawo, don duk wanda ya same shi ya shiga zai ga lambar kowacce. A saita shi sai shugabannin guruf sun amince. Katin NIN da takardar banki a kawo wa sakatariya hannu da hannu, kada a turo cikin taro. Littafin ya kwana a akwati mai kwaɗo, a san mutum nawa ke da makulli. Kuma duk wanda ya kira ki ya ce daga ƙungiya ne, za a yi taro ta waya, ki karanto masa lambobi shida da suka shigo miki yanzu, ki kashe kiran. Da lambobin nan ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum, a koma ana roƙon kuɗi da sunansa a wurin 'yan uwansa. Sakatariyarmu ba za ta taɓa tambayar ki su ba, banki ma haka. In matsalar da kamfanin layi ce kuma sun ƙi sauraron ki, hukumar sadarwa ta NCC na da lambar ƙorafi, 622, kyauta ce.

Wadda aka turo wa irin saƙon da aka turo wa 'yar uwarmu, kada ta goge, kada ta amsa, kada ta tura kuɗi. Ta nuna wa wanda ta yarda da shi a ranar, in da barazana ga rai a kai wa 'yan sanda da saƙon a hannu.

Ajinmu na nan bayan la'asar, Litinin zuwa Laraba. Tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, jihar nan ke da hukumar ilimin manya, don haka ba sabon abu muke yi ba, kuma akwai wadda ta girme mu duka a benci na gaba. Malama ta yarda ranar Laraba mai zuwa ta zama ta waya zalla. Kowacce ta zo da tata da caji, 'yar aji ce ko ba 'yar aji ba, za mu zauna mu bi saitin ɗaya bayan ɗaya, mu ga wace manhaja ce ke riƙe da izinin da bai kamace ta ba. Wadda wayarta ƙarama ce mai maɓalli ita ma ta zo, akwai maganar lambar sirri da ta tsohon layi.

 Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya mayar da baƙinmu gida lafiya.